Yadda mai aikin jinga zai tsare kuɗinsa da kwastomominsa a ƙarƙashin sabuwar dokar harajin Najeriya

Ranar 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokokin haraji guda huɗu, biyun da suka shafi tsarin haraji da gudanar da shi suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Tun ƙudurorin suna gaban majalisa, kusan duk hayaniyar da aka yi a Arewa a kan rabon kuɗin VAT ne tsakanin jihohi, har gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna a Oktoban 2024 suka ce ba su amince ba. Ana cikin wannan ƙura ɓangaren da ya taɓa aljihun mai aikin jinga ya wuce, ba wanda ya tsaya a kansa. Ina nufin mai zana tambari da fosta, da mai fassara, da mai ɗaukar hoton biki, da mai haɗa manhaja, da mai tattara wa ƙungiyoyin agaji bayanai a ƙauyuka, da mai gyaran sola da kamfani ke kira in ta lalace. Duk wanda ake biya bisa aikin da ya gama, ba albashin ƙarshen wata ba.

Ma'aikaci mai albashi ofishinsu ne ke cire masa haraji kafin alat ya shigo wayarsa. Kai kuwa kai ne akantan kanka. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne, ga mai matsakaicin samu, sabuwar dokar ba ta ƙara yawan haraji ba, wasu ma sauƙi suka samu. Abin da ta canza shi ne darajar takarda. Lambar haraji, rasit, da shaidar abin da aka cire maka, su ne yanzu ke nuna nawa zai rage a hannunka, kuma su ne za su sa kamfani ya ba ka aiki ko ya ba wani.

Mataki na farko: ka tabbatar da lambar harajinka

Hukumar tara haraji ta tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS, ta bayyana cewa lambar NIN ita ce ginshiƙin lambar harajin mutum ɗaya, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Amma harajin samun mutum ɗaya ba na tarayya ba ne, na jihar da yake zaune ne. Mazaunin Kano hukumar KIRS zai nufa, na Kaduna KADIRS, na Abuja FCT-IRS. Jihar zama ake dubawa, ba jihar haihuwa ba, ba kuma inda kamfanin da ya ba ka aiki yake ba. Bazazzagin da ke zaune a Kano yana yi wa kamfanin Legas aiki, Kano ce ke da harajinsa.

Ka je ofishinsu ko ka shiga shafinsu da NIN ɗinka, ka tabbatar sunanka ya fito a rajista, kuma rubutunsa ya yi daidai da na banki. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa harajin da aka biya da sunanka ya ɓace a tsakanin fayil-fayil.

Me ya sa na sa wannan a gaba? Dokar gudanar da haraji ta ɗora wa wanda bai yi rajista ba tarar N50,000 a watan farko, sannan N25,000 a kowane wata bayansa. Wannan da sauƙi idan aka kwatanta da wadda ta ɗora wa mai ba da aiki: kamfani ko hukumar gwamnati da ta ba wa wanda ba shi da rajistar haraji kwangila za ta biya tarar naira miliyan 5. Ka sa kanka a kujerar akantan kamfani. Ga masu zane biyu, ɗaya ya fi iya aiki amma ba shi da lamba, ɗayan aikinsa ba laifi kuma takardunsa sun cika. Ba akantan da zai ɗauko wa kamfaninsa tarar miliyan 5 a kan aikin N300,000. Ba za a ce maka komai ba, kira ne kawai zai daina zuwa.

Mataki na biyu: ka raba kuɗin aiki da kuɗin gida

Buɗe asusu ɗaya wanda kuɗin aiki kaɗai ke shiga. Gudunmawar biki, kuɗin da yayanka ya turo a kai wa Hajiya, adashi, bashin da aboki ya maido, duk su tafi ɗaya asusun. Kyauta da bashi ba samu ba ne, ba a biya musu haraji, kuma jita-jitar da ta zaga cewa banki zai riƙa yanke haraji daga duk kuɗin da ya faɗo asusu ba gaskiya ba ce. Sai dai ranar da jami'i ya nemi bayanin asusunka, kai ne za ka nuna wane kuɗi ne na aiki, wane ne ba na aiki ba. In duk a gauraye suke, gardamar ba za ta yi maka daɗi ba.

Bayan haka ka samu littafi, ko shafin lissafi a waya, ka riƙa rubuta kwanan wata, sunan mai aiki, kuɗin da aka yi jinga, abin da aka cire, da abin da ya shigo. A wani shafin ka rubuta abin da ka kashe don aikin: data, man janareta, kuɗin mota zuwa wurin aiki, hayar shago, kuɗin manhaja, ladan yaron da ya riƙe maka fitila wajen ɗaukar bidiyo. Rasit ɗin gidan mai da na POS rubutunsu gogewa yake yi cikin 'yan watanni, don haka ka ɗauki hotonsa a take. Doka ta ce a ajiye irin waɗannan bayanai aƙalla shekara 6.

Mataki na uku: ka iya lissafa harajinka da kanka

Wannan matakin ne ya fi buƙatar natsuwa, don wanda bai iya shi ba duk abin da aka rubuta masa shi zai biya.

Ba a kan duk kuɗin da ya shigo ake ɗora haraji ba, a kan riba ne. Ka tara abin da ka samu daga Janairu zuwa Disamba, ka cire abin da ka kashe kacokan don aikin. Kayan aiki masu tsada da ke daɗewa, irin su kwamfuta, kyamara ko batirin sola, ba a cire kuɗinsu gaba ɗaya a shekara guda, rarraba shi ake yi a kan shekaru. Daga ribar da ta rage sai ka cire rangwamen da doka ta yarda da su: kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da ka biya a shekarar, amma kada ya wuce N500,000, kuɗin fansho, inshorar lafiya ta NHIS, inshorar rai, asusun gidaje na NHF, da kuɗin ruwan bashin gina gidan da kake ciki, ga wanda ya ci irin wannan bashi. Wanda ke zaune a gidansa ko gidan gado ba shi da rangwamen haya. A ganina wannan ya ɗan tauye mutanenmu, don samari da yawa a gidan iyaye suke, kuma rangwamen dunƙule da tsohuwar doka ke ba kowa, wato aƙalla N200,000 da ƙarin kashi 20 na samu, an soke shi.

Abin da ya rage bayan duk wannan shi ake yanka-yanka kamar haka: N800,000 na farko ba haraji. Miliyan 2.2 na gaba kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Miliyan 13 na gaba kashi 21. Miliyan 25 na gaba kashi 23. Duk abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Ka lura, kowane kaso yankinsa kaɗai yake ci. Shiga matakin kashi 18 ba ya nufin za a cire kashi 18 daga duk kuɗinka.

Mu ɗauki misali. A ce mai zane ce a Kano, ta samu miliyan 6 a shekara. Ta kashe miliyan 1.5 a data, wuta, manhaja da zirga-zirga, kuma tana da shaida. Ribarta miliyan 4.5. Tana biyan hayar N600,000, rangwamenta ya zama N120,000, saura N4,380,000. N800,000 na farko ta tsira da shi. Miliyan 2.2 na gaba zai ba da N330,000. Ragowar N1,380,000 a kashi 18 zai ba da N248,400. Jimilla N578,400. Da tsohuwar doka ce, a kan wannan ribar N608,000 za ta biya, ka ga ta samu ɗan sauƙi.

Yanzu a ce ba ta ajiye rasit ko ɗaya ba, hukuma ta ƙi yarda da miliyan 1.5 ɗin da ta ce ta kashe. Harajinta zai tashi zuwa N848,400. Bambancin N270,000 ne, kusan rabin hayar gidanta, a kan takardun da ta riƙa zubarwa a kwandon shara.

Masu babban samu su ne abin ya hau kansu. Mai ribar miliyan 30 a shekara, a da kusan miliyan 5.48 zai biya, yanzu ko da cikakken rangwamen haya sai ya biya kusan miliyan 5.7, kuma tazarar ƙaruwa take yi yadda samu ke ƙaruwa.

Da zarar ka san inda ka faɗa, ka riƙa ware kason haraji daga kowane biya ranar da ya shigo. Ga mai samu irin na mai zanen nan, kashi 10 na kowane alat ya wadatar. Ka tura shi wani asusun da ba ka da katinsa a aljihu.

Mataki na huɗu: ka bi sawun abin da aka cire maka tun daga tushe

Kusan duk mai aikin jinga ya taɓa ganin wannan: an yi ciniki N400,000, alat ya shigo N380,000. In ka tambaya a ce maka “WHT ne”. Mutane da yawa sun ɗauka kuɗin ya tafi ke nan. Alhali kafin alƙalami ne na harajinka, kamfanin ya riƙe ya kai wa hukuma da sunanka, kuma ranar lissafin shekara za a rage maka shi.

Ƙa'idojin da suka fara aiki a Janairun 2025 sun sa kashi 5 a kan ladan aikin ƙwarewa, ba da shawara, aikin fasaha da kamasho, kashi 2 kuma a kan samar da kaya da sauran hidimomin da ba a ambata da suna ba. Wanda bai ba da lambar haraji ba ninka masa ake yi, kashi 5 ya koma 10. Ƙaramin kamfani ba dole ne ya cire maka ba idan kana da lamba kuma cinikinku a watan bai wuce miliyan 2 ba. Mutumin da ya kira ka ɗaukar hoton bikin 'yarsa shi ma ba ruwansa da cirewa.

Wajibi ne wanda ya cire ya ba ka shaidar cirewa, mai ɗauke da sunanka, lambarka, kuɗin aikin da adadin da aka riƙe. Kada ka jira Maris kafin ka nema, lokacin wataƙila akantan ya bar wurin. Cikin makon da aka biya ka, ka tura saƙo irin wannan:

“Salamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Na ga alat na N380,000, na gode, Allah Ya saka da alheri. Don Allah a taimaka min da rasit ɗin WHT na N20,000 da aka cire, da sunana da lambar harajina kamar yadda suke a takardar neman biya. A Kano nake zaune, saboda haka KIRS za a tura wa.”

Jimlar ƙarshen nan tana da muhimmanci. Kamfanonin Legas da Abuja sukan tura kuɗin ga jiharsu ko ga hukumar tarayya saboda sabo, kai kuma jiharka ta ce ba ta ga komai ba.

Koma kan mai zanenmu. In miliyan 4 daga cikin samunta daga kamfanoni ya fito, an riga an cire mata N200,000. Da rasit a hannu, N378,400 kaɗai za ta cika. Ba rasit, sai ta biya N200,000 ɗin nan sau biyu.

Akwai kuma wanda ya fi ba ni tausayi, mai ƙaramin samu. Ɗauki mai fassara da ya samu miliyan 1.5 daga wata ƙungiya a shekara, ya kashe N400,000 a aikin. Ribarsa miliyan 1.1, harajinsa N45,000 kacal. Amma ƙungiyar ta cire masa kashi 5 na dukan kuɗin, N75,000. Hukuma ce ke riƙe da N30,000 nasa. Yana da damar neman a maido masa ko a ajiye masa shi a lissafin shekara mai zuwa, sai dai hakan ba ya yiwuwa sai ya cike bayanin shekara. Irinsa ne suka fi gudun ofishin haraji, alhali su ne ke bin ofishin bashi.

Mataki na biyar: ka gyara farashinka da yadda kake ƙulla jinga

Kafin ka fara aiki, a rubuta ko kuɗin da aka ambata kafin cire WHT ne ko bayansa. Layi ɗaya a WhatsApp ya isa ya kashe gardamar gobe. Takardar neman biyanka ta ɗauki sunanka, lambar haraji, jihar zama, irin aikin, da asusun aiki. Ka fayyace irin aikin sosai: in ka sayo kaya kuma ka yi aikin hannu, kamar mai haɗa sola, ka raba kuɗin kaya da ladan aiki a layi daban-daban, don kada a buga maka kashi 5 a kan duka.

Sai batun da ke tasowa yanzu. Wasu wuraren aiki suna ce wa ma'aikaci ya ajiye albashi ya koma ɗan kwangila, a ɗan ƙara masa wani abu a kai. Kafin ka ce to, ka yi lissafi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 na albashi a asusun fanshon ma'aikaci, ban da kashi 8 da ake cira daga ma'aikacin. Ɗan kwangila ba shi da wannan, ba hutun shekara, ba albashi ranar rashin lafiya, kwamfuta da wuta da data duk a wuyansa. Mai albashin N250,000 da aka ce ya koma kwangila a N270,000 baya ya ci. Ni dai ba zan ba kowa shawarar karɓar irin wannan canji ba sai ƙarin ya rufe fansho da kuɗin kayan aiki da watannin da aiki zai yi ƙaranci. In ka riga ka zama mai zaman kanka, akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu da hukumar PenCom ta ƙaddamar a 2019.

A ɗaya gefen kuma akwai buɗi. Yadda dokar ta matsa wa kamfanoni su san wanda suke biya, mai jingar da takardunsa suka cika ya samu abin da zai yi gogayya da shi ban da arha. Ƙungiyoyin agaji da ke aiki a Maiduguri, Sakkwato da Katsina dama can masu son takarda ne. Ka sa lambar harajinka a saman takardar neman aikinka.

Mataki na shida: in da dala ake biyan ka

Mazaunin Najeriya ana ɗora masa haraji a kan duk abin da ya samu, ko daga ina ya fito. Kamfanin Amurka ko Ingila ba zai cire maka harajin Najeriya ba, ba kuma zai kai wa jiharka komai ba, don haka duk nauyin bayyanawa a kanka yake. Taiwo Oyedele, wanda ya jagoranci kwamitin da ya tsara dokokin, ya sha nanata cewa masu yi wa ƙasashen waje aiki ta intanet suna ciki. Ka rubuta kowane biya da ranar da ya shigo, ka mayar da shi naira da farashin canji na hukuma, ba na 'yan canjin Wapa ba. Kamashon da shafukan neman aiki irin su Upwork ko Fiverr suka yanka kuɗin aiki ne, ka sauke bayanin ka ajiye. Fom ɗin W-8BEN da shafukan Amurka ke sa ka cika yana shaida cewa kai ba mai biyan harajin Amurka ba ne kawai, bai sauke maka na gida ba. Kuma tunda ba a cire maka komai a hanya, kason da za ka riƙa warewa ya fi na kowa: mai ribar miliyan 30 ya ware kusan kashi 20.

Mataki na bakwai: kada ka yi gaggawar buɗe kamfani

Za ka ji ana cewa ƙananan kamfanoni ba sa biyan haraji, kowa ya ruga CAC. Gaskiya ne dokar ta yafe wa ƙaramin kamfani harajin riba, amma ta cire masu aikin ƙwararru daga wannan rangwame. Rajistar sunan kasuwanci kuwa ba ta mai da kai kamfani, harajin mutum ɗaya za ka ci gaba da biya wa jiharka. Ko kamfanin ka buɗe, albashin da ka biya kanka daga cikinsa yana da haraji, ga kuɗin akanta da bayanan shekara-shekara. Ka zauna da akanta mai lasisi tukuna.

Mataki na takwas: ka cike bayanin shekara kafin 31 ga Maris

Abin da ka samu daga Janairu zuwa Disamba, ka bayyana shi ga hukumar jiharka kafin ƙarshen Maris na shekarar da ke biye. Ko ribarka ba ta kai N800,000 ba, ka cike, ka nuna ba a bin ka komai. Tarar rashin cikewa N100,000 ce a watan farko, sannan N50,000 kowane wata, wato wata biyu na sakaci ya ninka harajin mai fassaran can sau uku da ɗoriya. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun Janairu ka tara jimillar samu, jimillar kashewa, rasit ɗin haya da sunan mai gida, da duk shaidun WHT.

Na san abin da ke ran mutane da yawa. Kai ka sayi sola, kai ka haƙa rijiya, kai ke biyan kuɗin makarantar yara, sannan a ce ka kawo haraji. Ƙorafin yana kan hanya, kuma wanda ke biya ya fi kowa bakin tambayar gwamnan jiharsa inda kuɗin ya shiga. Amma ƙin cikewa ba gwamna yake cutarwa ba, kai yake hana wa kwangila.

Ka biya ta banki ko ta shafin hukuma, cikin asusun gwamnati, ka karɓi rasit. Kada ka miƙa wa kowa tsabar kuɗi a hannu don ya “daidaita” maka, domin abin da bai shiga rajista ba ba a biya shi ba. Bayan nan ka nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru 3 da suka gabata. Ita ake tambaya wajen kwangilar gwamnati da manyan kamfanoni.

In hukuma ta aiko maka da ƙiyasin da ya wuce abin da ka samu, kwana 30 gare ka ka rubuta ƙin amincewa, ka faɗi adadin da ka yarda da shi, ka haɗa da kwafin littafinka da bayanin asusun aiki. Ka kai da kanka, a buga maka hatimin karɓa a kwafinka. In kwana 30 suka wuce ba ka ce komai ba, ƙiyasin ya zauna. Idan kun kasa daidaitawa, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, kuma sabuwar dokar ta kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, wanda ake kai wa ƙorafi kan yadda jami'ai suka bi da mutum.